Wanda Ya Fi Kowa Tawali'u a Maradi

Lahadi ce, an tashi daga sujada. Pasto ya yi wa'azi a kan Luka 18, labarin Bafarisiye da mai karɓar haraji da suka shiga Haikali yin addu'a. Bakatsine da Bagobiri, dukansu dattawan ikilisiya, sun zauna a bencin mai shayi kan hanyar babbar kasuwa. Bakatsine ya haɗe rai, ko burodin bai taɓa ba.

Bagobiri: Bawana, lafiya ka sha kunu haka? Ko da kai Pasto yake yau?

Bakatsine: Da ni? Ni da na zauna bencin ƙarshe, can bakin ƙofa inda yara ke wasa?

Bagobiri: Na gan ka. Cewa na yi ko cikinka ne ya ɓaci, kana son kusa da hanya.

Bakatsine: Bagobiri ke nan, sai faɗa, ba karatu. Buɗe Luka 14. In an gayyace ka biki, nemi wurin baya ka zauna, mai gida zai zo da kansa ya ce maka, aboki, matso gaba. To na zauna. Tun waƙar farko har aka sa albarka ba wanda ya ce mini matso gaba. Na yi tari, na sake tari da ƙarfi, sai mai tsaron ƙofa ya miƙo mini ruwa a leda.

Bagobiri: Allah ya saka masa.

Bakatsine: Kuma duk inuwar da suke zaune ciki, wa ya rufa ta? Kwano bandir biyar! Ga ƙusa, ga katako, ga kuɗin kafinta. Ribar ayata ta kaka guda na zuba, ayar da na yi ta lodi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, rana na dukana.

Bagobiri: Ashe kai ne? A sanarwa cewa aka yi wani bawan Allah.

Bakatsine: Ni na ce a ɓoye sunana. Matiyu 6: abin da hannun dama ya bayar, kada na hagu ya sani. Amma ai ɓoyewa iri-iri ce. Na rubuta wa sakatare takarda, na ce ya karanta haka: wani bawan Allah da ba ya son a san shi, mai sayar da aya a babbar kasuwa, dogo, mai giɓi, mai jan babur. Yaron nan ya tsaya a "bawan Allah" ya ninke takarda. Yanzu mutane suna zaton Mushe ne, malamin lakwal, wanda ko keke bai da shi. Kuma da aka gaishe shi bai musa ba, murmushi ya yi!

Bagobiri: To ka je ka faɗa musu mana.

Bakatsine: Haba! Mu Katsinawa kunya gare mu. Kai nake so ka faɗa. Karin Magana 27 ta ce wani ya yabe ka, ba bakinka ba. Ranar Laraba wurin addu'a ka miƙe kamar abin ya suɓuce maka. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in ce, haba dattijo, ka tona mini asiri.

Bagobiri: Nawa za ka ba ni?

Bakatsine: Jika biyu.

Bagobiri: Jika biyar, in haɗa da hawaye.

Suna cikin ciniki sai ga Mama, shugabar zumuntar mata, da Littafi Mai Tsarki a hamata. Tun daga nesa ta jiyo su, domin Bakatsine ko raɗa zai yi sai an ji a Tsibiri.

Mama: Sannunku da hutawa, dattawa. Cinikin me ake yi ranar Ubangiji? Na san kasuwarmu Litinin da Juma'a take ci.

Bagobiri: Mama, zo ki ji abin kunya. Wannan haya yake nema a yabe shi. Ni dai na gode wa Allah da bai yi ni kamar Bakatsinen nan ba. Ushirina ba ya fashi. Duk wata ina zuwa asibitin Danja gaida marasa lafiya da man babur ɗina, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Itatuwan gonata kuwa, tun da aka fara sassaben zamani nake barin toho ina gyarawa, je ki ƙirga gawo da kalgo ki gani. Ga shi mishan a garinmu Tsibiri ta zauna kafin ta shigo Maradi, amma kin taɓa jin na yi fahariya?

Mama: Dattijo, maimaita farkon maganarka.

Bagobiri: Na ce na gode wa Allah da bai yi ni kamar...

Ya yi shiru. Bakatsine ya tuntsire da dariya har shayi ya zube masa a riga.

Bakatsine: Luka 18, aya ta 11! Baki da baki! Bafarisiye mai tsage!

Mama: Kai ma rufe bakinka. Bulus ya tambayi Korintiyawa, me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba? Ayar nan, kai ka saukar mata da ruwa? Kakanninmu sun gina gidaje a bakin gulbi suna taƙama, ruwan 1945 ya zo ya kwashe tsohon gari, kowa ya hauro tudu da tabarmarsa. Ku koya daga wurina. Ni nake share majami'a tun kafin a haifi Pasto, ni nake wanke kofunan jibi, ko sannu ban taɓa nema ba. A duk zumuntar mata, daga nan har Madarumfa, ku tambaya a nuna muku wadda ta kai ni ƙanƙan da kai.

Dattawan suka dubi juna. Ba wanda ya tanka, domin matansu duka a ƙarƙashinta suke, kuma akwai tuwon dare a gaba. Ana haka Pasto ya faka babur.

Pasto: Salama gare ku. Kun ga yadda Kalma ta yi aiki yau? Dattijo da kansa ya koma bencin baya! Ba yabon kai ba, amma wa'azin tawali'u irin na yau, ban jin an taɓa yin sa a jihar nan. An ɗauka a waya kuwa?

Mama: An ɗauka, Baba Pasto.

Pasto: Madalla. A sa a WhatsApp, amma kada a rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Matsakaita sun isa.

Mai shayi, wanda tun ɗazu yake fifita gawayi bai ce uffan ba, ya miƙo hannu.

Mai shayi: Ni ban san ayoyinku ba, lissafi na sani. Shayi biyu, burodi biyu, da ƙwan da Bagobiri ya ci.

Bagobiri: Mai kwano bandir biyar zai biya.

Bakatsine: Da na biya, amma a gaban jama'a? Ga Pasto, ga Mama, ladan ya tafi ke nan. Bari su watse.

Mai shayi: To kowa ya juya baya. Ni ma na rufe ido, ga hannuna.

Suka juya. Shiru, shiru. Can sai suka ji an tada babur.

Mai shayi: Bagobiri, wane launi ne babur ɗinsa?

Bagobiri: Ja.

Mai shayi: Yauwa. Dogo, mai giɓi, mai aya. Gobe Litinin.