Ni da haƙarƙarin Pioneer

Ranar Asabar ƙanin matata ya kira ni, wai in zo Sabon Gari, mutumin nan mai kayan gwanjo ya buɗe sabon kaya, akwai wata amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta Japan da aka kankare lambarta. Kun san ni da wannan harka. Ko karyawa ban yi ba na hau babur.

Tun daga bakin rumfa na gane gidansu. Ba ta da murfi irin na sauran, komai a fili: taransifoma da manyan kwandansa a tsakiya, ga baƙin haƙarƙarin alminiyon mai zuƙe zafi a gefe da gefe. Wannan zubi na Pioneer ne na ƙarshen shekarun 1970, kuma biyu ne masu kama da juna kamar Hassan da Hussaini. M-22 wat 30 take bayarwa kowane ɓangare, M-25 kuma wat 120. Na dubi girman haƙarƙarin, na gyara hula, na ce, "M-25 ce. Wa zai ɓata wannan ƙarfe a kan wat 30?"

Ni da bakina nake koya wa yara cewa girman haƙarƙari ba ya nuna ƙarfin murya, zafin da za a zubar yake nunawa. M-22 Kilas A ce zalla, taransistocinta a buɗe suke ko ana kiɗa ko ba a yi, duk wutar da ba ta tafi sifika ba zafi take zama. Abin da ya kamata in yi bai fi minti biyu ba: in sa mita a kan kwandansa, yawan bolt ya nuna mini wacce ce. Wat 30 a kan om 8 bolt 22 yake nema a ƙololuwa, wat 120 kuwa bolt 44. Mitar tana aljihun jakata. Ban ciro ta ba, saboda mutane sun taru suna cewa Injiniya ya iso.

Mai kaya ya ce, "Oga, tun safe take kunne fa." Na ce ai ba kiɗa, ɗumi kawai za ta yi, bari ku gani. Na naɗe hannun riga, na kifa tafin hannuna gaba ɗaya a kai, har da jingina, irin yadda ake dafa kafaɗar tsohon aboki.

Sakan na farko ban ji komai ba, har na fara wata magana kan Sansui, wani kamfanin kayan sauti na Japan. Na biyu na ji saƙo ya iso. Na uku na san an yi kuskure, M-22 ce, amma idona na cikin idon ƙanin matata, kuma yanzu na gama cika baki. Na ce a raina, ka daure zuwa biyar, ka ɗauke a hankali kamar ka gama bincike. Ban kai huɗu ba. Wata ƙara ta fito daga maƙogwarona wadda ban san ina da ita ba, siririya, irin ta ɗan akuya da ƙofa ta datse. Na yi baya na take kwandon rimot, na zauna a cikinsa.

Sai mai raken nan. Shi ne ya fi ƙona mini rai, ba ƙarfen ba. Ba kasuwarsa ba, ba a tambaye shi ba, ya jingine baro ya leƙo ya ce, "Malam, a kawo ƙwai ne?" Mutumin da bara ya sayar mini da rake mai tsami na yi shiru don mutunci. Ya tsaya har ƙarshe yana fere rake, duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya kwaikwayi ƙarar. Kuma bai iya ba, tawa ba ta kai haka tsawo ba.

Da na dawo hayyacina na leƙa bayanta, an rubuta 100V, wato ta cikin gidan Japan ce, shi kuwa ya ɗora ta a kan sitefdawun, taransifomar rage ƙarfin wuta, mai ba da 110. Ƙarin bolt goma a kan Kilas A, ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu. Na ce masa ya nemo mai 100 daidai, wanda bai gaza wat 500 ba, ya bar mata sarari ta sama, kada a ɗora komai. Na ƙara da cewa in an gwada ta da ƙwan fitila a jere, ƙwan ba zai dushe ba kamar na sauran, kada wani ya ce shot ne, wato wuta ta haɗe a ciki, ya fara cire taransisto. Duk wannan da hannuna cikin kofin ruwan mai shayi nake faɗa, ba wanda ya saurara.

Ƙanin matata bai saya ba, shi abin da zai tashi unguwa ranar suna yake nema. Layuka huɗu suka kwana biyu a tafina kamar gasasshen kifi. Da na isa gida na tarar labari ya riga ni, matata ta ce wai in yi mata ƙarar ta ji.