Wanda ya yarda ya sauko ya fi samun barci

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da sabon shugaban ƙasa ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi, gidaje da yawa a ƙasar nan suke ɗauke da kaya biyu. Na farko kowa ya san shi. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haye dubu. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa ya fi albashin tsada. Wannan kayan ɗora mana aka yi. Na biyun kuwa mu muke sunkuyawa mu ɗauka kullum safiya, shi ne fafutukar kada a gane cewa mun sauko.

Ku dubi ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya biyar, wanda ya sayi 'yar motarsa lokacin da abubuwa ke da sauƙi. Motar na nan ƙofar gida, ƙura ta rufe gilashi, taya ɗaya ta sace. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce bakanike ne bai samo kayan gyara ba. Lafiyar motar ƙalau, man ne babu. Adaidaita yake hawa, amma in zai je gaida surukai sai ya sauka tun daga bakin titi, ya kakkaɓe babbar riga, ya shiga layin yana kaɗa makullin mota a yatsa. Awo kuwa sai bayan isha, lokacin da majalisar ƙofar gida ta watse, ya je wajen mai shago ya rage murya: "Malam, auna min gwangwani huɗu, ka rubuta." Mutumin da a da buhu yake saukewa. Ko ba yawa ana ɗora tukunya a gidansa, amma ƙarfe biyun dare idonsa biyu, yana lissafin wa ya gan shi, wa ya gane, me za a faɗa.

A gidan irin wannan bawan Allah sau da yawa matar ce ke fara dawowa hayyacinta. "Baban Ummi, tunda kuɗin makarantar nan ya fi ƙarfinmu, mu mayar da su ta gwamnati mana, in Allah ya hore a dawo da su." Shi kuma sai ya haɗe rai: "Ke kin san abin da za a ce?" Haka za a bar yaran, ana koro su kowane zango, suna dawowa gida da rana tsaka da takardar bashi a hannu, suna shan kunyar da uban yake gudu wa kansa. A wani gidan kuma akasin haka ne: mijin ya haƙura, matar ce ba za ta iya jin an fitar da anko ba ta saya ba, sai ta kai ɗan kunnen gwal ɗinta kasuwa, ko ta shiga adashi na uku alhali na farko bai fita ba.

Za a ce min ai rufin asiri ne, kuma Bahaushe ya san darajarsa. Na yarda. Babu wanda ya ce ka tsaya a masallaci ka yi shelar abin da ke cikin tukunyarka. Amma yin shiru a kan halin da kake ciki daban, kashe kuɗin da ba ka da su don ka nuna halin da ba ka ciki daban. Shiru ba ya cin ko kobo. Nunawa kuwa da bashi ake biyanta, kuma bashin yanzu ba irin na da ba ne, wanda za ka je wajen amini ya ba ka ya manta. Akwai manhajojin bashi a waya da za su ba ka dubu ashirin cikin minti biyar, bayan sun kwashe lambobin duk mutanen da ke wayarka. Ranar da ka makara, saƙo zai je wa surukinka da limamin unguwarku da shugabanka na ofis cewa kai macuci ne. Har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya sai da ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Asirin da aka ci bashi don a rufe, masu bashin ne ke tona shi da kansu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, addinin da muke tinƙaho da shi ya riga ya sauke mana wannan nauyin, mu ne muka ƙi. A Suratuɗ Ɗalaƙ an ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Layya ta mai hali ce. Lefe ba ya cikin sharuɗɗan aure, haka gara, haka dina da kamu da sauransu. Manzon Allah (SAW) ya ce wa wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne ya biya sadaki. An kuma hore mu da mu dubi na ƙasa da mu a sha'anin duniya, don kada mu raina ni'imar da ke hannunmu. Yau kuwa da zarar ka buɗe waya, na sama da kai ne ke yi maka sallama: wannan ya sauya mota, wancan yana Umara karo na ban san adadi ba, waccan an jera mata akwati goma sha biyu. Ba wanda ke ɗora hoton takardar bashinsa. (Wasu daga cikin masu hotunan nan, in ka san su a fili, kai za ka tausaya musu.)

To mene ne mutum ya karɓi kansa? Ni dai a ganina abu ne mai sauƙin faɗa, mai wuyar haɗiya. Ka zauna kai kaɗai, ko kai da iyalinka, ka rubuta abin da ke shigowa a wata, ka dube shi da kyau, ka ce wannan ne ni a yanzu. Ka daina auna kanka da kai na 2019. Mutane da yawa ba da maƙwabci suke gasa ba, da tsohon kansu suke yi, wancan da yake raba kuɗin cefane ga 'yan uwa, yake yanka rago biyu. Daga nan ake faɗawa ramin "da na sani": da na sayi fili lokacin da nake da hali, da ban bar wancan aikin ba, da na ajiye dala. Hadisi ya hana mu wannan kalmar "da", ya ce ƙofar aikin Shaiɗan take buɗewa, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana juya ta a ransa ya san gaskiyar haka. Shawarar da ka yanke jiya da sanin jiya ka yanke ta. Ba ka da hannu a faɗuwar naira, don haka ka daina hukunta kanka kamar kai ne gwamnan Babban Banki.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ba mutuwar zuciya nake wa talla ba. Abdurrahman bin Auf ɗan kasuwa ne a Makka, ya iso Madina hannu rabbana. Sa'ad bin Rabi'a ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ya tafi ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Da ya tsaya yana tuna wane ne shi a Makka, da bai sunkuya ya taɓa cuku ba. Mai digirin da ya yarda cewa aikin ofis bai zo ba, shi ne ke iya buɗe teburin POS ko ya koyi haɗa sola ko gyaran waya. Wanda bai yarda ba yana nan a ɗaki shekara ta biyar, takardu a fayil, yana jiran kiran da ya dace da matsayinsa. Sai ka amsa cewa a nan kake tsaye kafin ka san ta inda za ka ɗaga ƙafa.

Haka kuma ba ina ce wa talaka ya yi shiru a kan zalunci ba ne. Na tsani yadda ake ɗauko haƙuri a jefa wa mai jin yunwa daga cikin mota mai sanyi. A shekara ta 18 bayan hijira, da fari ya auka wa Madina da kewayenta, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya koma gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya, sannan ya rubuta wa gwamnoninsa, ciki har da Amr bin As, ya ce a kawo ɗauki. Shugaban da ya yi haka yana da bakin cewa a yi haƙuri. Ka tuhumi masu mulki, ka yi zaɓe da idonka a buɗe, ka faɗi ra'ayinka. Abin da nake roƙo kawai, kada fushin da ya kamata ya tafi can ya juyo kanka da matarka da 'ya'yanka.

Akwai kuma inda nasiha ba ta isa. Idan mutum ya yi makonni ba barci, abinci ba ya shiga, abin da yake so a da ya fita ransa, ya daina fita, ko ya fara cewa gara ma ya mutu, wannan ciwo ne mai magani, kuma faɗa masa cewa imaninsa ne ya yi rauni ƙara masa ciwo ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa rage masa daraja ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka akwai inda za a je: asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da sassan da ke asibitocin koyarwa. A haɗa addu'a da ganin likita. Wanda aka hana wannan hanya saboda gudun a ce ya haukace, sau da yawa wajen mai ƙwaya yake ƙarewa.

Sauran magana tana kanmu, mu 'yan kallo, domin "me za a ce" ɗin nan mu ne masu cewar. Idan ƙanwarki ta ce bana ba za ta iya anko ba, ki ce ta zo da abin da take da shi, kuma in ta zo kada ki bi ta da kallo daga sama har ƙasa. Idan ɗan uwanka ya ce bana ba zai yi layya ba, ka aika masa da cinya ba tare da tambaya ba. Idan mai neman 'yarka ya kawo akwati biyu, ki hana gwaggonni ƙirga zannuwa a gaban 'yan kawo lefe. Idan ka hango maƙwabcinka wajen mai shago bayan isha, ka bi ta wancan layin.