Alhaji Yana Son Katinsa

Ni nake kula da kwamfutocin wani kantin sarin magani a Kano. A ƙuryar ofis akwai babbar kwamfuta mai Linux, a cikinta kuma akwai wata Windows da ke gudana a kan KVM (tsarin da ke ba Linux damar ɗaukar wata kwamfuta a cikinta), wadda ba ta da gangar jiki sai dai a manhaja. Ita ke riƙe da lissafin kantin kaf. Duk yini lafiya lau take. Amma da an idar da sallar magariba aka fara kwafe bayanan ranar zuwa ma'ajiya, sai ta sandare. Linzami ba ya motsi, agogon kusurwa ya tsaya cak, ita kuwa Linux tana nan garau, ko a jikinta.

Kowa ya kawo tasa fatawar. Akawu ya ce bairos ne. Maigadi ya ce shi dama tun da aka tare a ginin yake jin motsi a ƙuryar nan cikin dare. Alhaji ya ce zafi ne, ya sa aka ɗauke fankar da ke kaina aka juya wa kwamfuta. Na yini ina gumi tana shan iska, da magariba ta sake sandarewa.

Da na dakatar da kwafen, sai ta kwana ƙalau. Nan na leƙa katin sadarwar da aka ba Windows ɗin, tunda ta cikinsa kwafen yake bi, na ga rtl8139, kwaikwayon wani tsohon katin Realtek mai gudun megabit 100. QEMU, manhajar da ke kwaikwaya wa Windows kayan kwamfuta, shi ne yake shiga rigar katin, kuma duk abin da Windows ta ce da kati sai an fita da saƙon waje QEMU ya amsa a dawo. Kamar a ba wa tela ɗaya ɗinkin unguwa guda ne ranar jajiberin salla. Na canza shi zuwa virtio, wani katin manhaja wanda ba ya kwaikwayon kowa, na kunna ina baza kafaɗa.

Windows ta tashi ba intanet. Ba ta san virtio ba, direba take nema, wato 'yar manhajar da za ta koya mata aiki da katin, direban yana intanet, intanet ɗin kuma sai da direba. Alhaji yana tsaye a kaina.

"Injiniya, da can sai magariba take mutuwa, yanzu tun hantsi?"

"Ranka ya daɗe, ci gaba ake samu."

Ta Linux na sauke faifan virtio-win, na maƙala mata shi a matsayin CD, na ɗauko direban daga jakar NetKVM. Intanet ya dawo, sai ga masu karɓar kuɗi suna ihu ba sa ganin lissafi, ashe lambar IP, wato adireshin da suke samunta da shi, ta bi tsohon kati. Da na zo saka ta a sabon, Windows ta ce ai wani katin yana riƙe da ita, alhali ita da bakinta ta ce katin ba ya nan. Ta tambaya ko a ƙwace lambar daga wancan, na danna mata Yes.

Magariba ta yi, aka kwafe komai, ko tari ba ta yi ba. Ina haɗa jakata Alhaji ya miƙo hannu.

"Ina tsohon katin da ka cire? Kawo, 'yan jari bola za su saya."

Na yi bayani iya bayani cewa katin ba a taɓa shi da hannu. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce da maigadi ya zo a zazzage ta.