Ƙarfin haske ba shi ne tsaron mai keke ba

Da yawa sun ɗauka fitilar da ta fi haske ta fi tsaro. Ba haka ba ne. A titi mai fitilu, bukatarka a gan ka, kuma farar fitilar gaba mai lumen 200 zuwa 400 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske) ta wadatar. Sai a hanya mai duhu ake neman fiye da haka.

Saiti ne abin lura. Fitila mai ƙarfi da ta kalli sama tana kashe wa direban da ke tahowa ido, ya kasa gane inda kake. Ka sunkuyar da ita har haskenta ya sauka ƙasa kamar mita 10 a gabanka.

Jar fitilar baya kuwa tilas ce. Ɗaura ta ƙarƙashin sirdi, inda riga ko kaya ba za su rufe ta ba.