Abin da ake shirin maido mana ba ƙisasi ba ne

Tun da ma'aikatar shari'a ta kafa kwamiti a watan Yunin 2025 don ya duba ko Chadi za ta dawo da hukuncin kisa, da wuya in zauna a wata majalisa a Njamena ban ji ana sa wa gwamnati albarka ba. Na san inda zafin ya fito. An kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Mandakao a watan Mayun 2025, kuma ba a gama zaman makoki ba aka ji wani kisan a gabas, aka ji wani a kudu. Wanda ya ga gawar jariri an jera ta da ta uwarsa ba za a ce masa ya yi sanyi ba. Abin da ya dame ni shi ne rigar addini da ake yafa wa maganar.

Wani dattijo da muke sallar isha'i tare ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, ai Allah ne Ya ce a cikin ƙisasi akwai rayuwa. Me za ka ce kuma?" Na ce, "Baba, ba ni da ta cewa a kan ayar. Amma wa ya gaya maka ƙisasi za su yi?"

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya san ba a kashe rai saboda rai sai da shaidu adalai, ko iƙirarin mai laifi, ko rantsuwa hamsin inda ta wajaba. Ya san jinin haƙƙin magada ne, suna iya yafewa, suna iya karɓar diyya. Za a ce mini kisan gilla da fashi ba su da afuwa a mazhabar Malik. Haka ne, amma ko a nan sharaɗin shaida bai faɗi ba, kuma iƙirarin da aka tatso da kulki ba iƙirari ba ne. Akwai ruwayar da Tirmizi ya kawo cewa shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi masa alheri da ya yi kuskure wajen uƙuba. Masu ɗaga ayar ƙisasi a rediyo ba sa ƙarasa karatun zuwa nan.

Mu kuma mun ga yadda ƙasarmu take kisa, ba labari aka ba mu ba. Bayan bama-baman 15 ga Yunin 2015 a hedikwatar 'yan sanda da makarantarsu a Njamena, da na babbar kasuwa a watan Yuli, an gurfanar da mutum 10 da ake tuhuma da zama 'yan Boko Haram ranar Laraba 26 ga Agusta. Ranar Juma'a aka yanke musu hukunci. Ranar Asabar 29 ga wata aka harbe su a Massaguet. Kwana ɗaya tak tsakanin bakin alƙali da bakin bindiga, ko takardar ɗaukaka ƙara ba ta isa a rubuta ba. Wataƙila duk goman sun aikata. To me kisan ya hana? Makonni shida bayan haka, ranar 10 ga Oktoba, 'yan ƙunar baƙin wake suka kashe mutum kusan 40 a Baga Sola. Wanda ya ɗaura bam a ƙugunsa da hannunsa, da wace mutuwa za a tsorata shi?

Sai watan Afrilun 2020. Cikin mutum 58 da aka kawo Njamena da sunan Boko Haram, aka wayi gari 44 sun mutu a ɗaki guda. Hukuma ta ce guba ce. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta bincika, ta ɗora abin a kan cunkoso da zafi da ƙishirwa. Ba ko ɗayansu da ya tsaya gaban alƙali. Sannan a ƙarshen 2022, bayan zanga-zangar 20 ga Oktoba, aka yi wa mutum 401 shari'a cikin kwana huɗu a kurkukun Koro Toro, can tsakiyar hamada, ba lauya ko ɗaya. A raba 401 gida huɗu a ga minti nawa kowane mutum ya samu. Wannan hannun ne ake so a miƙa wa ikon ɗaukar rai, a ce da shi ƙisasi.

Ƙungiyoyin Turai da ke fitar da sanarwa cewa duniya ta ci gaba, su riƙe sanarwarsu, ba su ne ke wanke gawarmu ba. Kuma masu cewa su ne suka tilasta mana soke hukuncin su tuna lokacin da aka soke shi. Majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'ar ranar 28 ga Afrilun 2020, wata guda da 'yan kwanaki bayan an kashe sojoji kusan 100 a Bohoma, marigayi shugaban ƙasa Idriss Déby Itno ya sa hannu a watan Mayu. Ana iya faɗin abubuwa da yawa a kan marigayin, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi mai taushin zuciya ga 'yan ta'adda ba.

A unguwarmu akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai da aka soke ɗanta da wuƙa saboda babur. Ɗan kilando ne, wato mai haya da babur, bai cika shekara da aure ba. An kama mutum biyu, unguwa ta yi hamdala. Tsohuwar ta yi ta zarya, kuɗin mota daga cinikin ƙosai, yau a ce alƙali ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga takardun ba. Ba a yi wata shida ba wani ya zo ya gaya mata ya ga ɗayansu yana shan shayi a bakin kasuwa. Ranar da na je gaishe ta tana juya ƙullu ba ta ɗago ba, ta ce, "Ɗana, ni dai a kashe su." Na ce, "Inna, Allah Ya bi miki haƙƙinki." Ban yi mata gardama ba, ba ni da fuskar yi. Amma da na fito na tambayi kaina: ko da dokar kisa tana nan, wa za a kashe mata? Wanda ya fita ya fita ne saboda yana da wanda ya tsaya masa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma ba sabuwar doka ce za ta canja wannan ba. Wanda za a ɗaure a turke shi ne masuncin tafki da ba ya jin Faransanci ko Larabci, wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, tafinta ya faɗi abin da ya ga dama.

Mai kisa a ƙasar nan ba ya lissafin nauyin hukunci, lissafinsa shi ne ko za a kama shi, in an kama shi ko zai kwana. A rikicin manoma da makiyaya kowa ya san yadda ake ƙarewa: manya su zo da jerin motoci, a ƙirga shanu da sefa, a ɗauki hoto, wanda ya harba bindigar ya koma gida, mai garken da ya saya masa bindigar ba a ko ambaci sunansa. Diyyar da Musulunci ya sa ta zama zaɓin magada an mayar da ita farashi, ana tilasta ta har a kan waɗanda ba addininsu ba ne. An bar jaki ana dukan taiki, yanzu kuma ana neman izinin harbe taikin.

In kwamitin na son aiki, ga shi nan birjik. A ɗaure mai kisa rai da rai kuma ɗaurin ya zama ɗauri, ba wanda za a buɗe masa ƙofa da daddare. A hukunta jami'in da ya saki wanda ake tuhuma. A bi bindigogin zuwa ga masu su. Su fara da takardun ɗan mai ƙosai, su nemo inda aka jefa su, su gaya wa uwarsa wa ya sa hannu aka saki mutumin da ke shan shayi a bakin kasuwa.