An ba 'ya'yansu jirage, an ba tawa raƙumin dawa

Makon jiya makarantar su 'yata ta yi abin da suka kira makon Viking, wato makon tunawa da kakanninsu matuƙa jiragen ruwa na zamanin da. Shekarunta shida, bana ta shiga aji a nan Danmak. Ranar Juma'a aka gayyaci iyaye mu ga aikin yara. Bangon ajin kaf an lulluɓe shi da takardu: jirgin ruwa mai kan dodo, ƙaton mutum mai jan gemu da jajayen kumatu yana murmushi, yarinya mai kitso biyu riƙe da garkuwa, har da mage zaune a goshin jirgi. Kowane yaro ya shafa kala, ya sa sunansa a ƙasa da tsohon rubutunsu mai baƙaƙe 16, wanda a da ake sassaƙawa a dutse da itace. Sai wata malama ta jawo ni gefe, fuska a sake, ta ce ta tanadar wa yarinyar takarda ta musamman don kada ta ji an manta da ƙasarsu. Na karɓa na duba. Raƙumin dawa ne tsaye gefen bukka, rana tana faɗuwa.

Godiya na yi mata, don na san da zuciya ɗaya ta yi. Amma har na isa gida raina a ɓace yake. 'Ya'yansu an ba su sarakuna da jirage da rubutu, tawa an ba ta dabba. Ni haifaffiyar cikin birnin Kano ce, me ya haɗa kakannina da raƙumin dawa?

Sai kun ga yadda mutanen nan suke ririta tarihin nan nasu. A garin Roskilde akwai gidan tarihi a bakin ruwa, ginin kankare mai manyan tagogin gilashi. A ciki jirage biyar ne, ko in ce ragowar jirage, baƙaƙen katakai da aka jera a kan ƙarafa. Wajen shekarar 1070 aka nutsar da su da gangan don a toshe wa abokan gaba hanyar ruwa, a 1962 aka tono su gutsure-gutsure, aka yi shekaru ana jiƙa su da magani ana harhaɗawa. Mafi tsayinsu ya kai kimanin mita 30, kuma binciken katakonsa ya nuna a yankin Dublin na ƙasar Ireland aka ƙera shi wajen 1042. Suka sake ƙera irinsa sak, suka tuƙa shi har Dublin a 2007. A waje akwai filin sassaƙa, ƙaurin kwalta ya cika ko'ina, maza da mata suna tsaga gungume da gatari kamar yadda ake yi shekara dubu da ta wuce. Ana sa wa yara riguna irin na da, su hau jirgi, su riƙe igiya. In sun gaji, ga teburi da takardu da fensiran kala.

To su wane ne waɗannan masu murmushin? Mahara ne. A 793 suka faɗa wa gidan ibadar Kirista na tsibirin Lindisfarne a Ingila, suka kashe, suka kwashe. A 844 suka shiga Ishbiliya ta Andalus, garin Musulmi, suka yi ɓarna kafin a fatattake su. Dublin a hannunsu babbar kasuwar bayi ce. Ahmad ibn Fadlan, wanda aka aiko daga Bagadaza, ya gamu da danginsu a bakin kogin Volga a 922, ya rubuta yadda aka kashe wata baiwa aka ƙone ta tare da gawar ubangidanta a cikin jirgi. Azurfar da suke taƙama da ita ma mai yawa daga ƙasashen Musulmi ta fito: a tsibirin Gotland na Suwidin an tono tsabar kuɗi sama da 14,000 a wuri ɗaya a 1999, galibinsu dirhami masu rubutun Larabci.

Ban ce ba su da abin yabo ba. Akasarinsu manoma ne da masunta da fatake, gwanayen sassaƙa da ƙira, kuma sun taka ƙasar da yau ake kira Kanada wajen shekarar 1000. Ban kuma ce ana ɓoye wa manya batun bayi ba, yana rubuce a gidajen tarihinsu. Malaman ma suna da kula, sun gaya wa yara cewa hular ƙarfe mai ƙaho ƙirƙira ce ta masu wasan kwaikwayo na ƙarni na 19. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara shida murmushin yake fara gani, ya so kakanninsa tukuna, sannan in ya girma a gaya masa laifinsu, ya saurara yana mai son su. Mu kuwa abin da ake fara gaya wa yaro game da mu yunwa ce da yaƙi, in an yi mana kara a ba shi dabbobi.

A daren nan na buɗe intanet ina neman takarda ɗaya ta tarihinmu da zan buga wa yarinyar ta kai makaranta. Na Viking ba su ƙirguwa, kyauta. Namu ban samu wadda zan iya bugawa ba. Nan fushina ya sauka daga kan malamar ya dawo kanmu. A lissafin tarihin Kano, Bagauda ya hau mulki a 999, daidai lokacin da waɗancan suke yawo a teku. Sarki Gijimasu ya fara ganuwa tun wajen 1095. Su ruɓaɓɓen katako suka tsamo daga laka suka gina masa gida. Mu ganuwa muka gada a tsaye, kun kuwa san halin da take ciki yau. Shekara da shekaru aka yi an cire darasin tarihi daga ƙananan makarantunmu. Mu nawa ne aka taɓa kai mu Gidan Makama muna yara?

Na san wani zai ce zanen abu mai rai akwai magana a kansa. Na ji, ban ja ba. Nima ban ji daɗin ganin gumakansu Odin da Thor cikin takardun ba, sai da na zaunar da ita na yi mata bayani. To ganuwa tana da rai ne? Hasumiyar Gobarau fa, da rijiyar Kusugu, da zankwayen soro, da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ƙwarya, da karofin Ƙofar Mata wanda yaro zai cika da shuɗi har fensirinsa ya ƙare? Duk duniya ban ga mutanen da suka fi mu abin shafa wa kala ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take ba da labarin. “Umma, da can mun je Ingila da jirgi,” in ji ta. Da su ta haɗa kanta. In Hajiya ta kira daga gida ta ce mata “ga ta nan, ga ta nanku,” sai yarinyar ta waiwayo ta dube ni, ba ta san amsa ba. Mu da muka tashi a tsakar gida ba mu buƙaci takarda ba, kakanni suna nan, maroƙa suna nan, hawan Sallah yana wucewa ta gabanmu. Ita ba ta da ko ɗaya. Ƙarfe huɗu na yamma a hunturu gari ya yi duhu, tana ɗaki, abin da ke kan teburinta shi ne kakanninta.

Don haka nake roƙon masu zane na gida, ɗaliban Zariya da masu rubuta allon shago duka. Ku zana mana ƙofofin Kano, da fadar Daura, da fadar Damagaram, da kayan dokin hawan daushe, da layi mai kauri yadda hannun yaro zai iya bi, ku sa jimla ɗaya ta Hausa a ƙasan kowanne. Mu da ke waje za mu saya, kuma muna da yawa. Makarantar za ta yi makon al'adu kafin hutun bazara, ina son 'yata ta raba wa duk 'yan ajinsu Ƙofar Na'isa su shafa mata kala.