Ina labarin rayuwar bayan tiyatar?

Wani labari da na karanta ya ce tiyatar rage ƙiba tana sauya ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji, kuma hakan na taimakawa wajen zubar da teɓa. Na yarda. Ai a 2013 masu bincike a Amurka sun ɗebi ƙwayoyin hanjin tagwaye, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka sa wa ɓeraye, waɗanda suka samu na mai ƙibar suka fi tara kitse. Amma marubucin ya tsallake abin da ke biyo bayan tiyata. Yayata an cire mata kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinta. Yau loma huɗu ta tuwo ta ishe ta, kuma kullum tana kan maganin ƙarin jini da bitamin B12. Da ta koma wa lemon kwalba da cincin sai nauyi ya fara dawowa, dole ta rungumi wake, zogale da kindirmo. Kai kuma Malam da ka yi sharhi a kan labarin cewa ragwaye ne ke zuwa tiyata, ka taɓa ganin mai ciwon suga da gwiwoyinsa suka kasa kai shi masallacin ƙofar gida?